Haɗin masai da bututun ƙasa

Haɗin masai da bututun ƙasa shi ne aikin liƙe bakin tukunyar masai ta zamani da bututun da ke kai ƙazanta zuwa rami, ta yadda ruwa ko wari ba za su fita ta mahaɗar ba. Ana sake wannan aiki duk lokacin da aka ɗaga masai, ko don sa sabon tayil, ko don buɗe bututun da ya toshe.

Yadda yake aiki

A cikin tukunyar akwai lanƙwasa mai riƙe ruwa kimanin milimita 50, wanda ke hana iskar rami dawowa ɗaki. Alexander Cumming ne ya yi rajistar lanƙwasa mai siffar S a Ingila a shekarar 1775. Amma wannan ruwa ba ya kare abin da ke ƙasa da shi. Idan mahaɗar ta buɗe, iskar rami, wadda ke ɗauke da methane da kuma iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana shiga banɗaki kai tsaye.

Kayan liƙi

A Amurka ana amfani da zoben kakin zuma da ake matsewa tsakanin tukunya da bakin bututu. Sau ɗaya yake aiki. In an ɗaga masai, sai an sa sabo. A Najeriya an fi bin tsarin Ingila, wato soket na leda mai leɓɓan roba da ke shiga bututun PVC mai faɗin inci 4. Wasu masu aikin famfo kan cike mahaɗar da siminti zalla. Siminti ba ya lanƙwasa, yakan tsage idan tukunya ta motsa, kuma da wuya a sake cire ta ba a fasa ba.

Matakan aiki

Ana rufe ruwa, a kwashe wanda ya rage a tukunya. Bayan an ɗaga ta, a toshe bakin bututu da tsumma, a kankare tsohon liƙi. Idan sabon tayil ya ɗaga daɓen, sai a ƙara wa bututun tsawo. Sannan a cire tsumman, a sa sabon soket, a sauke tukunyar a miƙe ba tare da jan ta gefe ba. Ana ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan, hagu da dama, domin matsewa da ƙarfi na fasa tangaran. A kora ruwa sau da yawa a duba, kafin a zagaye gindin da silikon ko farin siminti.

A Kankia da Kusada

A ƙananan hukumomin Kankia da Kusada na jihar Katsina babu babbar magudanar ƙazanta ta gari. Masai na ruwa yana zuba ne a ramin gida da sokawe, galibi kusa da ɗakuna, don haka wari da kyankyasai kan biyo mahaɗar da ta buɗe. Ruwan da ke tsiyaya kuma yana jiƙa tushen gini. A lokacin bazara, ruwan lanƙwasar masai da aka daɗe ba a shiga ba yakan ƙafe ya kawo irin wannan wari. Ana fara zuba bokitin ruwa. Idan warin bai gushe ba, sannan a duba mahaɗar.