Sāke Suna da Sāke Aiki: Tsofaffin Gine-ginen Ciniki a Ƙasar Kano

Sanin kowa ne cewa gini yakan fi sana'ar da aka yi shi dominta tsawon rai. Idan sana'ar ta mutu, sai mai shi ya zaɓa: ko ya rushe, ko ya bar wa jemagu, ko kuwa ya sāke masa suna da aiki.

Sāke suna shi ne mafi sauƙi. Bankin Arewa, watau Bank of the North, ya shiga cikin bankunan da suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006, bayan Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. An sauke allon suna, an shafa sabon fenti, amma har yau akwai mutanen Kano da ke kwatance da tsohon sunan. Baki ba ya bin fenti da sauri.

Sāke aiki kuwa magana ce dabam. Gidan Ado Bayero na Ƙofar Nasarawa dogon bene ne da aka gina domin ofisoshi. Da Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Jami'ar Northwest a 2012, sai ta zaunar da ita a ciki. Nan fa lissafi ya canza, domin matakalar da ta ishi akawu ashirin ba lalle ta ishi ɗalibai ɗari da suka taso daga lacca a lokaci guda ba. Haka ruwa, haka makewayi, haka iska.

Wannan darasi ya shafi garuruwa irin su Gwarzo da Kabo. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya mai da Gwarzo hedkwata, ake bukatar wuraren aiki a yammacin Kano, alhali yawancin gine-ginen bakin hanya kantuna ne da sito na amfanin gona. Sito kuwa an yi shi ne don ya tsare buhu daga ɓarawo da damina: bango mai kauri, taga ƙarama can sama, rufin kwano ba sili. Buhun gyaɗa bai damu da duhu ba, amma ma'aikaci da kwamfuta ba su jure zafin watan Afrilu a ƙarƙashin kwano. Saboda haka mai son haya daga banki ko asibiti sai ya fara da buɗe tagogi, da sa sili, da sāke wayoyin lantarki, da duba ko katakon rufin zai ɗauki faifan sola. Sa'an nan ya nemi izinin canza amfanin ginin daga hukumar da ke kula da filaye, tun kafin ya je wurin mai rubuta allo.