Karen Saluki: Asalinsa, Ɗabi'unsa da Matsayinsa a Babin Farauta

Duk ɗalibin da ya karanta babin farauta da yanka a Risalar Ibn Abi Zaid ya ci karo da batun horarren kare, amma ba kowa ya san kamannin karen da Larabawa suka fi farauta da shi ba. Shi ne wanda suke kira Saluki. Sanin halittarsa da halinsa yana taimakawa wajen fahimtar wasu sharuɗɗan da malaman fiƙihu suka gindaya.

An yi saɓani kan asalin sunan. Yakut al-Hamawi a Mu'ujamul Buldan ya ambaci wani gari a Yaman mai suna Saluk, wanda ake jingina masa sulke da karnuka. Wasu kuma sun mayar da sunan ga birnin Salukiyya na daular Girkawa da ta mulki Sham da Iraki bayan Iskandar. Ad-Damiri (ya rasu 808H) a Hayatul Hayawan ya kasa kare gida biyu, na gida da Saluki, ya kuma bi ra'ayin farko. Kafinsa, Jahiz (ya rasu 255H) ya yi dogon bayani kan karnuka a Kitabul Hayawan, Usama bin Munkiz kuma ya siffanta farautar mahaifinsa da su a Kitabul I'itibar. Turawa ba su yi masa rajista a Ingila ba sai a 1923. Yana da 'yan'uwa masu kama da shi: Sulugi na Arewacin Afirka, da Azawak da Abzinawa ke kiwo tsakanin Mali da Nijar.

Dogo ne siriri, tsayinsa a kafaɗa daga santimita 58 zuwa 71. Ƙirjinsa mai zurfi ne, cikinsa a ɗame, ƙafafunsa dogaye. Akwai mai kwantaccen gashi, akwai mai geza a kunnuwa da wutsiya. Da ido yake farauta, ba da sunsuna ba, shi ya sa ya dace da fili da hamada. Gudunsa yana haura kilomita 60 a awa, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne juriya, domin yakan bi barewa ko zomo har ya gajiyar da su. A da akan haɗa shi da shaho: tsuntsun ya sauka a kan barewar yana dagula mata gani, karen ya cim mata.

Ta fuskar hali kuwa, mai shiru ne, ba ya yawan haushi, yana ja da baya ga baƙo, yana kuma shaƙuwa ƙwarai da mai shi. Ba ya jure duka da tsawa a wurin horo. Babbar matsalarsa ita ce idan ya hango abin farauta ya zabura, kiran sa ya dawo abu ne mai wuya. A nan ne ɗabi'arsa ta gamu da fiƙihu.

Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun mafarauta suka kamo wa masu su, tare da ambaton sunan Allah. Malamai sun fassara horuwa da cewa idan an tura shi ya tafi, idan an hana shi ya hanu. To yaya za a yi da karen da ba ya hanuwa bayan ya ɗauki gudu? An ruwaito daga Abu Hanifa cewa ya bar tantance horuwa ga masana sana'ar, wasu Malikiyya kuma sun mayar da ita ga al'ada. A ganina wannan ya fi dacewa da abin da mafarauta suka sani: a gwada biyayyar kare kafin ya zabura, ba a tsakiyar gudu ba, in ba haka ba za a fitar da karen da ya fi kowane ƙwarewa daga cikin horarru.

Saɓani na biyu shi ne idan karen ya ci daga abin da ya kama. Hanafiyya da Hanbaliyya da Shafi'iyya, a zance mafi rinjaye, sun haramta, sun kafa hujja da hadisin Adiyyu bin Hatim a Buhari da Muslim, wanda ya nuna cewa karen da ya ci ya kama wa kansa ne. Mashhurin mazhabar Malik ya halatta, bisa wata ruwaya ta Abu Sa'alaba al-Khushani a Sunan Abi Dawud. Imam Ahmad kuma ya ware baƙin kare wuluk, bai halatta abin da ya kashe ba. Idan mafarauci ya riski dabbar da cikakken rai, dole ya yanka ta.

Farautar kare ta zama hujja a wata mas'alar daban. A Mudawwana an kawo Imam Malik yana mamakin yadda za a ci abin da kare ya kama sannan a ƙyamaci yawunsa. Saboda haka Malikiyya suka ɗauki wanke ƙwarya sau bakwai a matsayin ibada tsantsa, alhali Shafi'iyya na ganin najasa ce dalili. Kan sayar da shi, Shafi'i ya hana, Hanafiyya sun halatta, Sahnun ma ya halatta kuɗin karen da aka yi izinin ajiyewa.

Ana yawan faɗa a rubuce-rubucen Turawa cewa Larabawan ƙauye ba sa ɗaukar Saluki a matsayin kare, har suna barin sa ya kwana cikin tanti. Wannan al'ada ce, ba hukunci ba. Nassoshi sun rataya rangwamen ne ga amfani, wato farauta da gadin dabbobi da na gona, suka kuma rataya halaccin nama ga horo. Karen mafaraucin Hausa da aka hore da Saluki mai tsada hukuncinsu ɗaya. Wanda ya sayi Saluki don ado ko alfahari, ba don ɗayan waɗannan buƙatu ba, yana cikin waɗanda hadisi ya ce ladarsu na raguwa kullum.