Kuskure a tsohuwar takardar biza: ka gyara tun ba a gano ba

A unguwar Alsahafa da ke kudancin Khartum, da sauran unguwannin birnin har Omdurman, kana iya shiga gida guda ka tarar da mutum uku duk takardunsu na cewa ranar 1 ga Janairu aka haife su. Dalili kuwa shi ne wanda aka haifa a ƙauye ba rajista, likita ke dubansa ya ƙiyasta shekarunsa, a ba shi shahadar tasnin, a rubuta masa farkon shekara. Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka bi Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san wannan takarda sarai.

Suna ma haka. A Sudan suna huɗu ake jerawa: naka, na uba, na kaka da na uban kaka. Idan za a juya su zuwa boko, Usman kan koma Osman, a rubuta Muhammad iri uku, wani lokaci sunan kaka ya ɓace. Ga kuma yaron shagon intanet mai cike wa jama'a fom, layi ya yi masa tsawo, sai ya danna "ba aure" ga magidanci mai 'ya'ya biyu don ya sallame shi. Mai fom bai karanta ba, ya biya kuɗi ya tafi.

Shekaru da yawa waɗannan kurakurai na kwance ba wanda ya tashe su. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ne ya tono su. Jama'a sun watsu zuwa Masar, Chadi da Port Sudan, suna sabunta fasfo, suna rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman biza. Da zarar mutum ya ɗora yatsa a kan na'ura, tsohon fayil ɗinsa na iya fitowa, jami'i ya ga shekarar haihuwa biyu ga mutum ɗaya.

Dokoki ba sa ɗaukar kowane kuskure a matsayin ƙarya. A Amurka, abin da ke jawo haramcin shiga na har abada shi ne ɓoye gaskiya da gangan a kan abin da zai iya sauya hukuncin jami'i. A shekarar 2017, a shari'ar Maslenjak, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ba a ƙwace wa mutum shaidar zama ɗan ƙasa sai in ƙaryar ta taka rawa wajen samunta. Birtaniya kan hana mayaudari biza har shekara 10. Kanada kuwa haramcinta shekara 5 ne, kuma kotunanta sun sha ɗora wa mai nema laifin abin da wakilinsa ya rubuta. Cewa "yaron shago ne ya cike" ba ta cika fitar da mutum ba.

A ganina haɗarin ba a kuskuren farko yake ba. Yana ranar da ka gane shi, sannan ka maimaita shi a sabon fom don "takardu su yi daidai". Daga ranar ya zama ganganci. Masu sauya lamba a ɓoye ba bayani su ma sun jefa kansu a rami, domin jami'i zai ga bambancin ya fassara shi yadda ya ga dama.

Gyara daga tushe yake farawa. Idan kuskuren yana cikin lambar ɗan ƙasa, a je ofishin rajistar jama'a a gyara can kafin fasfo. Ɗan Najeriya kuma ya fara da tasa lambar, wato NIN. Sannan a sabon fom a rubuta gaskiya, a haɗa da gajeriyar wasiƙa: a shekara kaza na rubuta kaza, daidai shi ne kaza, ga yadda aka yi, ga shaida. Takardar makaranta, ta aure, tsohon fasfo ko rantsuwar kotu duk suna taimakawa. Wanda takardunsa suka salwanta a yaƙi ya duba wayarsa da ta 'yan'uwa, sau da yawa hotonsu na nan a WhatsApp. A wurin ganawa da jami'i, ka riga shi ɗauko maganar.

Ba kowane kuskure wasiƙa ke wankewa ba. A cacar bizar Amurka, rashin sa sunan mata ko ɗa a fom na farko yana soke nasarar gaba ɗaya. Idan batun ya shafi aure, 'ya'ya, ko hana biza da aka taɓa yi maka ba ka ambata ba, nemi lauyan shige da fice kafin ka aika komai.

Dillalan da ke cewa a ba su kuɗi su goge tsohon fayil, a guje su. Gyaran bayanai a ofishin hukumar 'yan gudun hijira kyauta ne. Kuma ko wane ne ya cike maka fom, kada ka sa hannu sai an karanta maka shi layi-layi, ka kuma riƙe kwafinka.