Dutsen Maciji Ba Ya Zuƙe Dafi: Guzurin da Ya Kamata a Shiga Daji da Shi

Da zarar gero ya nuna an fara ɗaure dami, sai tallar dutsen maciji ta kankama. A kasuwannin karkara ba wuya mutum ya ci karo da mai magani ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera wasu 'yan baƙaƙen duwatsu marasa nauyi, ya ɗauki ɗaya ya manna a leɓensa don jama'a su ga yadda yake kamawa. Yakan ce haka zai kama wurin sara ya tsotse dafin tas, in ya ƙoshi ya faɗi da kansa. Manomi ya saya, ya ƙulle a tsumma, ya jefa a aljihu, shi ke nan a ganinsa ya gama shirin daji.

Abin takaici ke nan, domin a ƙasa irin ta Ruwan Gizo da kewayenta, daga Talatar Mafara zuwa Bakura da Maradun, kusan kowane gida da daji yake ci. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aikin gona ba ya yankewa: damina a tudu, rani a fadama. Ga makiyaya, ga masu itace, ga masunta. Inda hatsi ya taru ɓera na zuwa, maciji kuma na bin ɓera.

Macizan da suka fi yi wa mutanen Arewa illa sanannu ne: kububuwa, da kasa, da gamsheƙa. Kububuwa ce mafi ƙanƙanta, da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, amma ita ta fi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

To, mene ne wannan dutse? Ba dutse ba ne ma. Ƙashin dabba ne aka ƙona ya zama kamar gawayi. Yana manne wa leɓe ne saboda 'yan ƙofofin da ke jikinsa suna shan danshi, kamar yadda sabon tulu ke shan ruwa. Dafi kuwa ba ya tsayawa a bakin rauni yana jiran a zo a tsotse shi. Haƙorin maciji allura ce, tana zuba shi can cikin tsoka, daga nan ya bi jiki. Masana sun gwada dutsen a kan ɓeraye, aka buga sakamakon a 2007: bai ceci waɗanda aka sa wa dafi ba.

Wani zai ce, ai ga kawunsa nan da ransa, an sare shi, an manna dutse, ya tashi. Gaskiya ne, ya tashi. Sai dai ba kowane maciji ke da dafi mai kisa ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba kome ba. Ko kububuwa, binciken likitoci a Arewa, tun aikin da David Warrell ya yi a asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970, ya nuna tana kashe mutum ɗaya zuwa biyu ne cikin goma idan ba a yi allurar maganin dafi ba. Ashe aƙalla takwas za su rayu ko an sa dutse ko ba a sa ba. Su ne ke yawo suna yabon mai magani. Sauran kuwa an kai su makwanci, an ce kwana ne ya ƙare.

Mugun halin kububuwa shi ne ba ta gaggawa. Dafinta hana jini daskarewa yake yi. Wanda ta sara zai iya komawa gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, ya yi hira, a ce dutse ya yi aiki. Washegari sai a ga jini a dasashinsa, ko a fitsari, ko tsohon miki ya ɓalle. Bayan kwanaki jinin na iya zuba a cikin kai. A irin wannan jiki ne wasu ke ɗaukar reza su yi tsaga don dutsen ya sami wurin kamawa! Wasu kuma su tamke ƙafar da robar tayar keke har ta yi baƙi, a je asibiti a rasa yadda za a yi sai yankewa. Tsotsa da baki, ƙona wurin, ɗura wa mutum jiƙo har ya yi ta amai, duk ɓata lokaci ne. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a kan babur.

Maganin dafi allura ce da ake samu daga jinin doki ko tunkiya. Akwai irin su EchiTAb, da aka haɗa da dafin macizan Najeriya, waɗanda asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ya daɗe yana aiki da su. Ma'aikacin lafiya kan ɗebi jini a kwalba mai tsabta ya ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga.

Saboda haka shiri na farko tambaya ce, kuma tun kafin kaka ake yin ta. Mai unguwa ko shugaban ƙungiyar manoma ya bincika: akwai allurar a babban asibitin Talatar Mafara? In babu, ina ne mafi kusa, Gusau ko Sakkwato? Nawa ne kuɗinta? Wane mai babur za a tasa ko da tsakar dare? Allurar na da tsada, don haka asusun gayya ya fi kowa ya tashi neman mai sayen akuyarsa ranar da abin ya faru.

Sannan burgami ko 'yar jaka. A sa tocila mai sabon batir, domin da dama ana taka maciji ne da magariba a hanyar dawowa. A sa ashana cikin leda, da wuƙa, da ƙyalle wankakke mai faɗi, da farasitamol. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac ga wanda aka sara, suna ƙara zubar jini. Ruwa ya zama jarka guda aƙalla, tare da ƙullin gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, saboda gudawa ko galabaitar rana. Dogon takalmin roba ya fi silifa nesa ba kusa ba, kuma kada a cusa hannu ƙarƙashin dami kafin a juya shi da sanda. Mai kwana a gona ya ɗaura gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Waya da caji na da amfani, amma mutanen Zamfara ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa na makonni saboda matsalar tsaro. Don haka mai fita ya gaya wa iyali gonar da za shi da lokacin da zai dawo, kuma kada ya tafi shi kaɗai.

In tsautsayi ya auku, a janye mutum daga wurin, kada a tsaya farautar macijin. A zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo, kambu, guru, duk abin da zai matse in wuri ya kumbura. A ɗora sanda a gefen ƙafar ko hannun, a naɗe da ƙyallen nan sako-sako yadda maɗori ke yi wa karaya, don kada gaɓar ta motsa. Kada ya yi gudu ko doguwar tafiya. A ɗauke shi, a sa shi tsakiyar mutum biyu a kan babur. In amai ya zo, a kwantar da shi ta gefen hagu. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido, a yi ta kwarara masa ruwan jarkar nan nan take. A lura da ƙarfe nawa aka yi saran, domin ita ce tambayar farko da za a yi a asibiti.