Kiɗa: na gado da na digiri

A Daura kiɗa gado ne. Ɗan mai kakaki ko algaita a bayan ubansa yake tasowa, yana bin hawan Sallar Gani har numfashinsa ya zauna. Mamman Shata ma, da aka binne a garin a 1999, bai shiga aji don waƙa ba. Digirin girmamawa jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi.

A kudu kuwa, jami'o'in coci irin su Babcock da Bowen suna koyar da kiɗa: karanta rubutun sauti, piyano, horar da murya. Mai digirin yakan zama malami ko jagoran mawaƙan coci. Idan Arewa ya zo, a ganina abincinsa yana situdiyon Kano, wurin haɗa sautin fina-finai.