Hawan Dala Ranar Takutaha

Idan watan Rabi'ul Awwal ya kwana 19, mako guda ke nan bayan ranar Mauludi, Kanawa kan yi bikin Takutaha, ranar sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Gwamnatin jiha kan ba da hutu, gidaje su ɗora tukunya tun da asuba, 'yan mata su sha kitso da lalle, ɗaliban Islamiyya su fito zagaye cikin kayan makaranta suna yabo. Amma a wurin yaron cikin Birni, wanda bai hau dutsen Dala ba bai yi Takutaha ba.

Dutsen yana tsakiyar tsohon birni, unguwanni irin su Madigawa da Yalwa da Adakawa sun sa shi a tsakiya. Ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 534 daga doron teku. Daga nesa mutum zai raina shi, sai ya fara taka matakalar nan ta siminti zai san an zo wurin. Tun da hantsi hanya take cushewa, masu hawa da masu sauka kafaɗa da kafaɗa, ga rana, ga ƙura. Muna yara, ƙa'idar gidanmu ita ce babba ya riƙe hannun ƙarami, ba a saki sai an kai sama. Ƙanwata kan tsaya a tsakiya tana haki, ta ce, "Yaya, ƙafata ta ƙi." Ni kuwa in ce, "Daure mana, ga Baba can da sandarsa ya wuce mu." Dattijo in ya tsaya hutawa, sai a matsa masa, kowa ya wuce yana "Sannu Baba", shi kuma yana sa albarka.

Samari masu ji da ƙarfi ba ruwansu da matakala. Ta gefe suke bi, inda jar ƙasa da marmara suke zamewa ƙarƙashin ƙafa, suna dafa duwatsu da hannu. Sabuwar shadda ta koma ja, a sha faɗa a gida, amma an samu abin tinƙaho a majalisa. A gindin dutsen kuwa kasuwa ce ta ci: rake, awara, gurasa, alawa, gullisuwa, zoɓo da kunun aya mai sanyi.

A sama ake koya wa yaro garinsu. Manya su miƙa yatsa: ga Goron Dutse can, ga koriyar ƙubbar Babban Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ga rumfunan Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. Kowa sai ya dage ya gano rufin gidansu, a yi ta musu har sai wani ya hango wata bishiya ko hasumiyar masallacin unguwa ta raba gardama.

A nan kuma ake jin labarin Barbushe. Tarihin Kano ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a shekara ta 999, mutanen wannan wuri suna bautar Tsumburbura, wadda aka kewaye bishiyarta da katanga. Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, mutumin da ake kiran dutsen da sunansa, shi kaɗai yake shiga wurinta. A kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai lokacin bikin shekara, jama'a su taru da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da bunsuru, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Bayan Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Musulunci ya kafu a fada, sannu a hankali tsafin ya gushe. Dutsen da jama'a suke tsayawa a gindinsa cikin tsoro, yau jikokinsu suke cika samansa da salati.

Ba kowa ne yake goyon bayan al'adar ba. Akwai malaman da suke ganin bikin ba shi da asali a addini, akwai iyayen da suke hana 'ya'yansu saboda cunkoso da 'yan daba da masu ƙwacen waya, shi ya sa ake baza jami'an tsaro a ranar. Duk da haka, kowace shekara dutsen cika yake yi.

Abin da ya fi damun mazauna yankin shi ne lafiyar dutsen kansa. Ruwan damina yana zaizaye gefensa, gidaje sun matso har ƙafarsa, ga shara da ledoji da ake bari bayan an watse. Masu hawa sun fi kowa sanin inda ƙasa ta fara tsagewa, don haka su ya kamata su fara ɗaukar tsintsiya, su kuma matsa wa hukuma ta gyara magudanan ruwa da katangar kariya kafin wata damina.