Shin Ko Kun San? Ruwan da DNA ke tsere a cikinsa

Shin ko kun san DNA gudu take yi idan ta ji wutar lantarki? Ƙwarai kuwa! Cajinta nagatif ne, don haka ana kunna wuta sai ta nufi jar waya, wato ɓangaren fositif. Masu bincike kan ɗiga ta a 'yan ramuka a bakin wani jel mai suna agaros, wanda ake samu daga ciyawar teku. Gajerun guntaye su yi gaba, dogaye su maƙale a baya. Sunan aikin ilektiroforesis. Amma fa jel ɗin a akwati yake, nutse a cikin wani ruwa garai-garai da ake kira bafa, kuma abin mamakin yana cikin ruwan nan.

In kun gan shi a kwalba, sai ku rantse ruwan famfo ne. To ku zuba tataccen ruwa zalla a madadinsa ku gani. Da ƙyar DNA za ta motsa, domin babu gishirin da zai ɗauki wuta. Ku zuba bafa mai ƙarfi ninki 10 kuma ba ku sirka ba: akwatin ya ɗau zafi, jel ya narke, wahalar mutum ta bi ruwa.

Ku leƙa akwatin yana aiki. Kumfa na tashi a gefe biyu, amma ta wajen baƙar waya ta ninka ta wajen ja. Wuta ce ke fasa ruwa, haidurojin kashi biyu, oksijin kashi ɗaya. A haka gefe guda ke yin tsami, ɗayan kuma ya karkata ga kanwa. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa ta san yadda take kashe tsami. Ruwan bafa kuwa duka biyun yake tarewa: tsami ya zo ya shanye shi, kanwa ta zo ya shanye ta, ma'auni yana nan inda yake.

Ma'aunin shi ne pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Kowane taki ɗaya ninki 10 ne! Wa ya ƙirƙiro shi? Søren Sørensen, a 1909, a ɗakin binciken Carlsberg da ke ƙasar Danmak, wanda mai kamfanin giya ya kafa.

Ruwa biyu ne suka yi kaka-gida a aikin DNA: TAE da TBE. Ga yadda ake haɗa TAE mai ƙarfi ninki 50. Giram 242 na garin Tiris, mililita 57.1 na tsantsar asid ɗin asetik, mililita 100 na ruwan EDTA, a cika da tataccen ruwa zuwa lita ɗaya. Litar nan ɗaya tak, lita 50 take haifarwa. Mililita 20 ake ɗiba, a ƙara ruwa mililita 980, shi ke nan.

Asid ɗin asetik kuwa kun san shi, shi ne tsamin binega. Tsantsarsa daskarewa yake yi a ƙasa da digiri 17. Ba sifili ba fa, 17! Daren hunturu a Jos ya isa ya mayar da kwalbarsa ƙanƙara.

EDTA shi ne mai gadi. Akwai wasu inzayim masu daddatsa DNA, kuma yawancinsu ba sa iya aiki sai da magnesiyam. Sai EDTA ya cafke magnesiyam ɗin ya ƙi saki. Ga shi da taurin kai. Ku zuba giram 186.1 a ruwa, ku juya har hannu ya gaji, farin garin yana nan kwance a gindin kwalba. Sai an yi ta jefa soda, wajen giram 20, pH ya kai 8, sannan ruwan ya washe. Kun taɓa lura da 'yar kwalba mai murfi ruwan makuba da ake ɗibar jini a asibiti? EDTA ne a ciki. Can kalsiyam yake kamawa don kada jinin ya daskare. Ferdinand Münz da ya haɗa shi a Jamus a 1935 kuwa, masana'antar rinin tufafi yake wa aiki!

Wanne ya fi, TAE ko TBE? Musun ba ya ƙarewa. TBE, mai asid ɗin borik, ya fi juriya a doguwar tafiya, ya kuma fi fito da ƙananan guntaye tsaf. TAE ya fi saurin gajiya, amma in za a yanko DNA daga jel a ci gaba da aiki da ita, shi ake so, domin borik kan takura wa inzayim. A ganina wanda ya kafe kan ɗaya a kowane aiki sabo ne ke jan sa.

Tiris ma yana da nasa hali: yana jin zafi da sanyi. Ku daidaita shi a pH 8.0 a digiri 25. Ku sa a firij, ya haura wajen 8.6. Ku kai shi digiri 37, ya sauko wajen 7.7. Kwalba ɗaya, ba a ƙara ko ɗigo ba! Ku tuna da ɗakin gwajin da ba iyakwandishan a watan Afrilu.

Yanzu ga wanda ya shafi kusan kowane gida. Gwajin jinotaif da ake yi kafin aure, a yawancin ɗakunan gwaji, ilektiroforesis ne. Ana ɗiga jinin da aka fasa ƙwayoyinsa a kan 'yar takardar selulos asetet da aka jiƙa da ruwan Tiris, EDTA da borik, pH wajen 8.6. Hemogulobin A ya yi gaba, S ya biyo baya, C can ƙarshe. Me ya rage wa S gudu? Amino asid ɗaya tak cikin 146 ya sauya, cajin nagatif ya ragu. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka fara ganin wannan bambancin gudu a 1949, Vernon Ingram ya gano inda sauyin yake a 1956. Ku riƙe wannan kuma: a ruwan nan, hemogulobin D da G daidai inda S ke tsayawa suke tsayawa. Mai AD zai iya fitowa kamar AS! A sauya ruwa zuwa mai tsami, pH wajen 6.2 a kan jel ɗin agar, sai D da G su koma wajen A, S ya tsaya shi kaɗai.

Jel ɗin sitaci fa? Oliver Smithies ne ya kawo shi a 1955 a Toronto, da sitacin dankalin Turawa. Ya tuno ne yana yaro, yana taya mahaifiyarsa wanki, yadda sitacin tufafi ke daskarewa in ya huce. Ya ci kyautar Nobel a 2007, amma a kan wani aiki daban.

Masu raba furotin kuma pH uku suke amfani da shi a gwaji guda: 6.8 a jel na sama, 8.8 a na ƙasa, 8.3 a akwati. Har da SDS a ciki, sinadarin da ke sa man goge baki kumfa. Ulrich Laemmli ya wallafa tsarin a 1970, a takardar da ainihin maganarta wani bairos ne mai kama bakteriya. Da mujallar Nature ta jera takardun da aka fi ambato a 2014, tasa ce ta biyu, ambato fiye da 200,000!

A 2004 kuma Jonathan Brody da Scott Kern na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka ce a ajiye Tiris gefe. Sodiyam boret kawai. Ba ya ɗaukar zafi sosai, don haka ana iya ƙara wuta, jel ɗin da kan ci awa guda ko fiye ya kammala cikin minti 15.